Tambayoyi da amsoshi kan sayen motar iyali mai tsaro, mai fili, mai ƙarancin hayaƙi, a kuɗin da aljihu zai ɗauka

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, magidanci ba ya gama tambayar farashin mota sai ya ɗora da "yaya shan manta?" Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda masu neman motar iyali suka fi maimaitawa. An gina amsoshin a kan motocin da suka cika kasuwanninmu: tokumbo daga Amurka, Kanada da Turai, da na hannu waɗanda aka riga aka hau a gida. Ba mu sa farashi ba, domin yana bin dala ne, kafin a gama karanta shi ya tsufa.

1. Da me zan fara, da zaɓen mota ko da lissafin kuɗi?

Da lissafi. Kada ka zuba duk abin da ke hannunka a farashin motar. Ware aƙalla kashi ɗaya cikin goma don abin da kusan kowace tsohuwar mota ke nema a makon farko: tayoyi, batir, juyen baƙin mai da man giya, ruwan lagireto, gyaran birki, rajista, lamba da inshora. Inshorar dole ta motar gida a Najeriya ta koma naira 15,000 a shekara tun Janairun 2023. Wanda ya ƙarar da kuɗinsa a wurin dillali, shi ne zai ɗauki iyalinsa a kan tayoyin da suka shekara takwas.

Lissafi na biyu na wata-wata ne: kilomita nawa kake yi, lita nawa za su ci. Tambaya ta 10 ta nuna yadda ake yin sa. Idan kuɗin mai ya fi ƙarfin albashi, motar za ta zama ado a ƙofar gida, yara su koma hawa A Daidaita Sahu.

2. Kujera nawa nake buƙata?

Ƙirga mutanen da za su hau motar a ranar aiki, lokacin kai yara makaranta da ɗauko su. Kada ka ƙirga da tafiyar Sallah. Mutane da yawa suna sayen mota mai kujera bakwai saboda zuwa gida sau biyu a shekara, sannan su yi sauran kwanakin suna jan ta su kaɗai zuwa ofis, babban inji yana shan mai a banza. Kuɗin man da za a rage a shekara sau da yawa ya isa a ɗauki shatar mota don waɗannan tafiye-tafiyen.

Ƙa'idar da ba a sassauta ta: kowane kai da bel ɗinsa. Idan ku shida ne kullum, mota mai kujera biyar ba taku ba ce, ko da yaran ƙanana ne. A jikin ginshiƙin ƙofar direba akwai takarda da ke nuna iyakar nauyin mutane da kaya. Buhun masara mai kilo 100 a but ya fi nauyin babban mutum, kuma birki da tayoyi ba sa bambanta buhu da fasinja.

3. Tsakanin irin su Sienna da jif irin su Highlander, wacce ta fi wa iyali?

Idan fili ake nema, Toyota Sienna da Honda Odyssey sun fi. Layin kujerunsu na uku yana ɗaukar manya, kuma bayansa akwai rami mai zurfi da ke cin jakunkuna ko da kowace kujera da mutum. Ƙofofinsu na gefe zamewa suke yi, yaro ba zai banka ƙofa a kan mai babur ba. Layi na uku na Highlander da RAV4 mai kujera bakwai na yara ne, kuma da zarar an ɗaga shi but ya kusa ƙarewa. Inda jif ya fi shi ne tsayin ciki daga ƙasa: Highlander tana da kimanin santimita 20, Sienna ba ta kai haka ba. Wanda unguwarsa ke da kwazazzabai da damina ya yi la'akari da wannan.

Wani abu da dillalai ba sa faɗa: Sienna mai ja da ƙafa huɗu ta 2004 zuwa 2020 ba ta da mazaunin safiyar taya, da tayoyi na musamman masu tafiya ko sun sace ta fito. A nan ana sa mata tayoyi na yau da kullum, sai safiyar ta koma cikin but ta cinye filin da aka sayi motar dominsa. Mai ja da ƙafar gaba ta fi sauƙin mai da sauƙin gyara.

Daga Turai akwai Volkswagen Sharan, wadda ake kira Sharon a tasha. Samfurinta na farko, ita da Ford Galaxy da SEAT Alhambra mota ɗaya ce, a masana'anta ɗaya aka ƙera su a Fotugal. Suna da fili, kayan gyaransu birjik, amma yawancinsu sun tsufa ƙwarai, wasu kuma sun yi haya tsakanin garuruwa kafin a wanke su a ce na gida ne. Ga iyali na mutum biyar kuwa, Camry, Accord, CR-V, RAV4, ko Matrix da tagwayenta Pontiac Vibe sun wadatar.

4. Babbar mota ita ce mai tsaro?

Nauyi yana taimakawa idan motoci biyu suka yi karo, amma shekarar ƙira da kayan tsaro sun fi girma tasiri. Tsohon jif mai tsayi ya fi ƙaramar mota saurin kifewa idan taya ta fashe ko aka kauce wa rami da gudu. Abubuwa huɗu za ka nema: birkin ABS mai hana tayoyi cijewa, na'urar hana zamewa, jakunkunan iska na gaba da na gefe masu saukowa kamar labule, da bel mai ratsa kafaɗa a kowace kujera har ta tsakiya.

Na'urar hana zamewa ita ce aka fi rainawa, alhali ita ce ke hana haɗarin faruwa. Idan ta ji motar ta fara kauce wa inda sitiyari ke nunawa, sai ta taka birkin taya ɗaya ta maido ta hanya, cikin ƙiftawar ido. Sunanta ESC, Toyota na kiranta VSC, Honda VSA, Volkswagen ESP. Amurka ta wajabta ta daga samfurin 2012, Tarayyar Turai kuma ga duk sababbin motoci daga Nuwamban 2014. Wasu sun riga doka: Odyssey na da ita tun 2005, Camry da Corolla duka tun 2010. A tsofaffin da suka gabaci haka, wata na da ita wata babu, don haka murɗa makulli ka nemi fitila mai hoton mota da layuka biyu a karkace a ƙarƙashinta.

5. A ina zan ga sakamakon gwajin haɗari na motar da nake so?

Motocin Amurka da Kanada: hukumar NHTSA mai ba da taurari ɗaya zuwa biyar, da cibiyar IIHS ta kamfanonin inshora. Motocin Turai: Euro NCAP, wadda ta fara fitar da sakamako a 1997. Duka kyauta ne a intanet. Ka nemi ainihin shekarar motar, domin gwajin yana ƙara tsauri. Tauraro biyar na 2003 bai kai tauraro biyar na 2015 ba. IIHS ta ƙara gwajin karon gefen gaba a 2012, kuma motoci da dama da ake yabo suka faɗi a cikinsa.

Sabuwa ma ba ta tsira daga wannan binciken ba. Shirin Global NCAP na gwada motocin da ake sayarwa sababbi a Afirka, wanda aka fara a 2017, ya ba Nissan NP300 Hardbody tauraro sifili a 2018. Saboda haka sabuwar mota mai araha da aka cire wa kayan tsaro domin kasuwar Afirka tana iya gaza tokumbo mai lafiya.

6. Ta yaya zan san jakunkunan iska suna nan, ba a cire su ba?

Wannan ita ce babbar matsalar tokumbo. Motoci da yawa daga gwanjon inshora aka sayo su bayan haɗari, jakar ta riga ta fashe, aka liƙe murfin sitiyari aka rufe. Murɗa makulli ba tare da tayar da inji ba. Fitilar jakar iska, wato SRS, ta kamata ta kama na kimanin daƙiƙa shida ta mutu da kanta. Idan ba ta kama ba sam, an cire ƙwanta ko an rufe ta. Idan ta mutu daidai lokacin da wata fitilar ta mutu, misali ta baƙin mai bayan inji ya tashi, akwai alamar an jona su waya ɗaya.

Dubi murfin sitiyari da dashbod na gefen fasinja: launi daban, tambari a karkace, ko alamar gam. Ja kowane bel har ƙarshe ka fizge shi, ya kamata ya cije, ya kuma koma da kansa. Bel da ya yi sanyi ko ya maƙale yana iya zama alamar cewa ya taɓa aiki a haɗari. Daga nan a sa motar a kwamfuta mai karanta ɓangaren jakar iska, domin ƙananan na'urori masu araha inji kaɗai suke karantawa. Ko kwamfutar ma ana yaudararta da ɗan ƙaramin abin lantarki da ake sawa a madadin jakar, shi ya sa hotunan gwanjo na tambaya ta 14 suke da muhimmanci.

7. Na ji ana cewa wasu jakunkunan iska suna kashe mutane. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, na kamfanin Takata. Sinadarin da ke hura su yana lalacewa da zafi da laima idan an daɗe, sai gwangwanin da ke ɗauke da shi ya tarwatse ya watsa ƙarfe a fuskar direba. An kira motoci miliyoyin gommai domin sauya su, har da na Honda, Toyota, Nissan, Mazda, Ford da BMW. Mafi haɗari su ne wasu Honda na 2001 zuwa 2003. Yanayinmu kuwa shi ne irin wanda ke lalata su. Idan motar Amurka ce, sa lambar shasinta a sashen kiran motoci na shafin NHTSA, zai nuna ko an yi gyaran ko ba a yi ba.

8. Yaya ya kamata yara su zauna?

Yaran da ba su kai shekara 12 ba a baya, haka Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa take umarta. Jariri a kujerarsa mai fuskantar baya, kuma ba a taɓa ɗora irin wannan kujerar a gaba inda jakar iska ke aiki. Riƙe yaro a cinya ba kariya ba ce. Karo a gudun kilomita 50 a awa daidai yake da faɗowa daga tsayin mita goma, babu hannun uwar da zai riƙe yaro a wannan hali.

Zura hannu tsakanin mazauni da majinginar kujerar baya, za ka taɓa ƙarafa biyu kamar maratayi. Su ne ISOFIX, a Amurka LATCH, inda kujerar yaro ke maƙalewa. Motocin Amurka suna da su tun Satumban 2002. Idan kujerun yara uku za ka jera, kai su wurin motar ka gwada kafin ka biya, domin bayan Corolla da wuya ya ɗauka. Yaron da ya wuce kujerar jarirai amma bel ke ratsa wuyansa yana buƙatar matashin ƙarin tsawo. A gefen ƙofofin baya akwai ɗan makunnin da ke hana buɗe su daga ciki, ka tabbata yana aiki.

9. Me ya haɗa ni da hayaƙin mota, ni da nake neman sauƙi?

Hayaƙi iri biyu ne. Na farko iskar kabon da ke ɗumama duniya, wadda take tafiya kafaɗa da kafaɗa da shan mai: kowace lita ta fetur tana fitar da kimanin kilo 2.3, ta dizal kimanin 2.6. Rage wannan hayaƙin da rage kuɗin mai abu ɗaya ne. Na biyu shi ne guba mai shiga huhu, irin wadda yaronka ke shaƙa a cunkoson bakin makaranta, mai tayar da asma. Wannan ya danganta da lafiyar inji da matatar da ke cikin salansa, duba tambaya ta 11.

Wani rahoton Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa Turai, Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin motoci miliyan 14 tsakanin 2015 da 2018, kashi 40 cikin ɗari suka zo Afirka. A shekarar ce kuma ƙasashen ECOWAS suka amince da matakin tsaftar hayaƙi na Euro 4 a matsayin mafi ƙanƙanta ga motocin da za a shigo da su. A Turai matakin ya fara aiki wajen 2005 zuwa 2006, don haka motar Turai da ta girmi wannan lokacin ta fi hayaƙi tun daga ƙira.

10. Ta yaya zan kwatanta shan mai?

Motocin Amurka da mil a galan ake auna su. Raba 235 da wannan adadin, ka samu lita a kilomita 100. Bisa alƙaluman hukumar muhalli ta Amurka, EPA, Sienna ta 2011 zuwa 2016 mai fulogi shida tana yin kimanin mil 21, wato lita 11. Corolla ta 2009 zuwa 2013 mai inji 1.8 kimanin mil 29, lita 8. Prius ta 2010 zuwa 2015 tana kusa da mil 50, ƙasa kaɗan da lita 5.

Ga mai yin kilomita 1,500 a wata, wannan ya zama lita 165, lita 120 da lita 75. A ce lita naira 1,000 don sauƙin lissafi: tsakanin Sienna da Corolla akwai naira 45,000 a wata, naira 540,000 a shekara. A kan titinmu, da cunkoso da na'urar sanyaya mota a kunne tun safe, ƙara aƙalla kashi ɗaya cikin biyar a kan kowanne. Amma a yi adalci: Sienna ɗauke da mutum bakwai ta fi ƙananan motoci biyu sauƙin mai da ƙarancin hayaƙi. Asararta tana fitowa ne idan kujerun babu kowa, kamar yadda aka faɗa a tambaya ta 2.

Don sanin gaskiyar motarka, cika tanki har famfo ya tsaya, maida ma'aunin tafiya sifili, yi zirga-zirgarka, sake cikawa. Raba litar da ta shiga da kilomitar da ka yi, ka ninka da 100.

11. Makaniki ya ce in cire "indomi" mota ta ƙara ƙarfi. In yarda?

Kada ka yarda. Abin da ake kira indomi matata ce a cikin salansa, mai ƙananan ramuka kamar saƙar zuma, wadda aka shafe da ƙarafa masu tsada: filatinam, faladiyam da rodiyam. Ita ke ƙone gubar hayaƙi kafin ya fita. Saboda tsadar ƙarafan ne ake sayen ta da daraja, kuma wannan ya sa wasu ke gaggawar ba da shawarar cire ta. Idan an cire, hayaƙi yana wari mai yaji, fitilar inji ta zauna a kunne, daga nan ba za ka ƙara sanin ranar da wata matsala ta gaske ta taso ba.

Tana toshewa, gaskiya ne, amma da dalili: fulogi da ba ya ƙona mai sosai, inji mai shan baƙin mai, ko gurɓataccen fetur. A gyara dalilin. Kafin saye, a ɗaga motar a dubi wurin. Sabon walda a jikinta, ko amon gwangwani idan an ƙwanƙwasa, alama ce an kwashe cikinta. A kwamfuta lambar P0420 ko P0430 ce ke fitowa. Motar da aka kwashe wa indomi a rage mata kuɗi sosai ko a bar ta.

12. Motar haibrid tana jure zafinmu da ƙurarmu?

Tana jurewa idan an san sirrinta. Haibrid na haɗa injin fetur da na lantarki, ba a jona ta da wutar gida, tana cajin kanta a tafiya da lokacin taka birki. A cunkoson gari take nuna amfaninta, inda inji ke mutuwa idan an tsaya. A doguwar hanya bambancin yana raguwa. Masu fili a cikinsu su ne Camry Hybrid, Highlander Hybrid, da Prius v mai kujera biyar, wadda samfurinta na Turai, Prius+, ke da bakwai. Sienna daga 2021 duk haibrid ce, tana yin kimanin mil 36, sai dai kuɗinta ya fi ƙarfin mai neman sauƙi.

Babban batirin shi ne abin tsoro. Na Prius ta 2004 zuwa 2015 yanka 28 ne a jere, kuma zafi ne ajalinsa. Yana da fanka mai jan iska daga cikin mota ta wata kafa kusa da kujerar baya. Ƙurar hunturu da zaren tufafi suna toshe ta, ko yara su jingina jaka a kai. A wanke fankar sau ɗaya a shekara. Kafin saye a sa motar a kwamfuta a ga ƙarfin kowane rukuni na batirin. Idan ɗaya ya yi ƙasa da sauran sosai, sauyi ya kusa, a cire kuɗinsa daga farashi. Sauya yanka ɗaya-ɗaya faci ne, ba ya daɗewa.

Kurakurai biyu ke kashe su a hannun wanda bai san su ba. Kwamfiresan sanyaya mota na lantarki ne, mansa na musamman ne, ND-11 a Toyota, kuma man kwamfiresa na yau da kullum yana lalata shi. Wayoyi masu ruwan lemo kuma suna ɗauke da wuta sama da bolt 200, ba na mai koyo ba ne. Idan garinku babu wanda ya ƙware a kansu, mota mai fulogi huɗu mai lafiya ta fi maka. Cikin Prius kuma santimita 14 ne kawai daga ƙasa, tudun rage gudu yana shafar ta.

13. Dizal fa, ko maida mota ta iskar gas?

Dizal ba ta shan mai da yawa, amma ga motar iyali a cikin gari ba mu ba da shawararta. Na zamani suna da matatar toka da ke buƙatar doguwar tafiya da mai mai tsafta kafin ta ƙone abin da ta tara. Gajerun tafiye-tafiye da man da ke da sulfa mai yawa suna toshe ta, a ƙarshe a cire ta, motar ta koma tana tuttular baƙin hayaƙi. Gyaran famfo da nozul ɗinta ma akwai tsada.

Iskar CNG ta fi fetur araha da tsaftar hayaƙi, kuma gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirinta a 2023. Tambayoyi biyu za ka amsa kafin ka maida motarka. Akwai gidan sayar da ita a hanyarka ta kullum? Ina tukunyar za ta zauna? Tana da girma da nauyi, a but ake ɗaure ta, a mota mai layi uku kuwa tana iya cinye ramin kaya ko ta hana kujeru naɗewa. Matsin da ke cikinta ya kai 200 a ma'aunin bar, ninkin na tukunyar girki sau da yawa. Tukunyar da aka yi wa walda ko ta gas ɗin girki bam ce. A cibiyar da hukuma ta amince da ita kaɗai ake wannan aiki.

14. Ta yaya zan san tarihin tokumbo?

Da lambar shasi, wato VIN, mai harafi da lamba 17. Tana ƙasan gilashin gaba ta gefen direba da jikin ginshiƙin ƙofa. Su zo ɗaya da juna da abin da ke takarda. Na farko yana nuna ƙasar ƙira: 1, 4 ko 5 Amurka, 2 Kanada, J Japan, W Jamus. A motocin Amurka da Kanada, na goma shi ne shekara: 1 zuwa 9 na nufin 2001 zuwa 2009, A 2010, B 2011, C 2012, haka har gaba. Da wannan ake kama motar 2008 da aka sauya wa fitilu da bamba aka ce 2012 ce.

Sayi rahoton Carfax ko AutoCheck da kanka, kada ka dogara da wanda dillali ya buga. Zai nuna haɗari, adadin mil na ƙarshe, da ko inshora ta yanke cewa motar ta tashi daga aiki. Sannan sa lambar a manhajar bincike, sau da yawa hotunan gwanjon Copart ko IAA suna fitowa, ka ga yadda take kafin fanel bita ya taɓa ta. Bugun bamba ko ƙofa ba abin gudu ba ne idan farashi ya nuna. Wadda za a guda ita ce mai lanƙwasasshen shasi, wadda jakunkunanta suka fashe, da wadda ambaliya ta ci. Bayan guguwar Harvey ta 2017 a Amurka, motoci masu ɗimbin yawa irin waɗannan sun shiga gwanjo. Ɗaga kafet ka shinshina, dubi tsatsa a ƙarafan ƙarƙashin kujera da laka a mazaunin safiyar taya.

15. Me zan duba ranar da na je ganin motar?

Je da safe, da makanikinka, wanda ba shi da la'ada a cinikin. Taɓa bonet ka tabbata inji da sanyi, domin ƙarar tashin farko da hayaƙin farko suna ɓoyewa idan ya ɗumama. Shuɗin hayaƙi baƙin mai ne yake ƙonewa, fari mai kauri da ba ya yankewa ruwa ne, gaskit ya tafi. Buɗe murfin baƙin mai: kumfa mai kamar madara ko dasƙararren baƙin tabo ba alheri ba ne. Idan fankar lagireto ta tashi tare da makulli ba ta tsayawa, an jona ta kai tsaye, sau da yawa an cire tamostat, kuma ana yin haka ne ga motar da ta taɓa zafi.

Tuƙa ta aƙalla minti ashirin, da na'urar sanyi a kunne, har kan titi mai gudu. Giya ta shiga ba fizga ba jinkiri. Sassauta riƙon sitiyari a miƙaƙƙen wuri ka ga ko tana ja gefe. Taka birki da ƙarfi inda babu kowa. Bayan an dawo a sa ta a kwamfuta. Idan ta nuna gwaje-gwajen inji ba su kammala ba, an goge lambobin matsala kwanan nan. Motar da aka juya wa sitiyari daga dama zuwa hagu kuwa, a bar ta komai arharta.

16. Waɗanne raunuka aka sani a motocin da aka fi saye?

Injin Toyota 2.4 na Camry 2007 zuwa 2009 da RAV4 2006 zuwa 2008 ya yi suna da shan baƙin mai. Odyssey ta 1999 zuwa 2004 giyarta ce rauninta. Injin Honda mai fulogi shida na Odyssey da Pilot da taimin bel yake aiki, ana sauya shi wajen mil 105,000 ko shekara bakwai, kuma idan ya tsinke a tafiya yana lalata inji. Sienna ta 2004 zuwa 2006 ma bel ce, daga 2007 ta koma sarƙa. Prius ta 2010 zuwa 2015 tana toshe hanyar maida hayaƙi cikin inji, wanda ke kai ta ga ƙona gaskit idan ba a wanke ba.

Kafin ka yanke shawara, zaga Ƙofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna ko Apo a Abuja ka tambayi kuɗin abubuwa biyar na motar: shokazoba, fitilar gaba, famfon mai, kwamfiresa da giya. Wadda aka ce sai an aiko daga Legas, ka san za ta riƙa kwana a gareji.

17. Tokumbo ko ta hannu? Takardu fa?

Ta hannu mai shekarun baya-bayan nan, daga mutum ɗaya da aka san yadda yake riƙon mota, tana iya fin tsohuwar tokumbo, musamman idan hakan zai kai ka ga samfurin da ke da na'urar hana zamewa ta tambaya ta 4. Haɗarinta shi ne aikin da aka yi mata a nan: yankakkun wayoyi, ruwan famfo a lagireto, indomi da aka kwashe.

A ranar 1 ga Janairun 2017 aka hana shigo da motoci Najeriya ta iyakokin kan tudu, kuma motar da ba a biya wa kuɗin kwastan daidai ba ana iya kama ta ko bayan shekaru. Tantance takardun a ofishin kwastan kafin ka biya. Ga ta hannu, sunan da ke takarda ya dace da katin shaidar mai sayarwa, a rubuta yarjejeniya da shaidu, a biya ta banki, a yi canjin suna nan da nan.

18. Na saya. Me zan fara gyarawa?

Tayoyi. A gefen kowace akwai rubutun DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne mako da shekarar ƙira: 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Tayar da ta tsufa tana fashewa a zafin kwalta ko da zanenta bai cinye ba, kuma tayar gwanjo ba ta dace da motar da ke ɗaukar yara ba. Iskar da za a sa tana rubuce a ginshiƙin ƙofa, galibi tsakanin 30 da 36. Mai faci yakan zarce haka idan ba ka tsaya a kansa ba. A auna da safe kafin taya ta yi zafi.

Sai ruwaye. Man birki a sauya duk shekara biyu. Lagireto a zuba masa ruwansa mai launi. Baƙin mai a bi kaurin da ke rubuce a murfin inji ko littafin motar, 5W-30 ko 0W-20 ga yawancin waɗannan, domin 20W-50 da aka saba zubawa yana wahalar da injinan zamani yana ƙara shan mai. Idan an cire tamostat a maida shi, a maida fanka kan tsarinta. Matatar iska ta inji da ta cikin mota a duba su a tsakiyar hunturu da ƙarshensa. Idan motar mai taimin bel ce kuma babu shaidar ranar da aka sauya shi, a sauya shi tare da famfon ruwa kafin tafiyar farko mai nisa.